Bango Ɗaya Babu Kwano

Gwaggo Ƙande ba ta yi sallama ba. Tana sauka daga kabu-kabun da ya kawo ta daga Magarya ta zarce tsakar gida, ta cire mayafi ta jefa shi kan turmi.

"Malam! Fito ka ji abin da aka yi wa gidanka."

Bahijja tana zaune a bakin ɗakinta tana tsintar wake. Ta san inda gwaggonta ta je. An sa ranar aurenta da Saminu, kuma kafin jere dole a tura babbar mace ta dubo ɗakin amarya, ta auna bango, a san inda gado zai zauna da inda kwanuka za su hau. A Dogo-Dogo kuwa babu wadda ta kai Ƙande sanin kaya. Dillaliya ce, rabin ɗakunan amaren garin ta hannunta suka bi.

Malam Ƙasimu, mahaifin Bahijja, ya fito yana gyara hula. Inna Furera ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Lafiya, Ƙande?"

"Ina lafiya? Na shiga ɗakin. Gini kam ba laifi, siminti har sama. Bango ɗaya ƙofa ta cinye shi, ɗaya taga, ɗaya na gado. Saura babban, wanda duk mai shigowa a kansa idonta zai fara sauka. Fari fat, sumul. Na ce a raina, ashe yaron nan yana da tarbiyya, ya gyara wa kwanukan Furera wurin zama. Na ware hannu zan auna, sai na ji murya a bayana. 'Gwaggo, wannan a bar shi haka.'"

"A bar shi yaya?"

"Abin da na tambaya ke nan! Na ce me za a sa? Ya ce ba komai. Na ce kwanuka fa? Ya ce a nema musu wani wuri. Na ce to ko ƙusa guda, a rataya faifai. Wallahi, Malam, sai da yaron nan ya shiga tsakanina da bangon ya ware hannuwa, kamar zan yanka masa ɗa."

Bahijja ta rufe ido. Ta ga Saminu sarai a tsaye haka. Zai iya.

"Wai majigi ya sayo," in ji Gwaggo. "Wai a nan zai riƙa haska fim da wasan ƙwallo. Ranar buɗar kai matan Magarya su shigo su ga bango tsirara. Me za su ce? 'Yan Dogo-Dogo ne, ƙauyawa, ba su da abin cika ɗaki. Wa zai tsaya a bakin ƙofa yana yi musu bayanin majigi? Kuma tun yaushe ango ke sa kaya a ɗakin amarya? Nasa gini. Cikawa tamu ce."

Inna Furera ta koma madafa. Motsin muciya ya tsaya.

"Tun farko na faɗa," Gwaggo ta ci gaba, ta rage murya amma ba yadda za a kasa ji ba. "Ga Rabilu nan har yau bai janye ba. Riɗinsa mota-mota yake ƙetarawa Maigatari. Uwarsa ta ce mini ɗaki biyu ya gina, in kayanmu sun fi ƙarfinsu a ƙara na uku."

Malam Ƙasimu ya daɗe yana duban ƙofar madafa.

"A aika wa kawunsa Tanko," ya ce. "Ranar Juma'a su zo su kwashi kayansu."

"Baba…"

"Ban kira ki ba." Ya juyo. "Ba zan ce ki auri Rabilu ba. Ban taɓa zaɓa miki komai ba, har Aljeriya na bari kika je karatu ana zagina. Amma ba zan kai ki gidan da aka raina uwarki ba."

Ya shige ɗakinsa.

* * *

Bayan la'asar ta sami Inna a ɗaki, ta janyo kwanukan daga ƙarƙashin gado tana goge su. Ba su da ƙura. Tun makon jiya aka wanke su.

Langa, kumbo, fanteka, samira. Wasu na Kano, wasu na Damagaram, wasu irin da an daina yi. Kowace kaka, idan Inna ta sayar da wakenta, sai ta ƙara wani, tun shekarar da ta haifi Bahijja. Ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Abin da ba ta faɗa da baki ba, a nan yake jere.

Bahijja ta durƙusa.

"Inna, ba laifinsa ba ne."

Inna ta ci gaba da goge murfi.

"Ni na ce ya saya."

Tsumman ya tsaya.

Ta faɗa mata a taƙaice. A can Aljeriya, lokacin sanyi, ɗalibai ba su da wurin zuwa. Akwai wani babban ɗaki mai farin bango inda ake haska fim, bayan fim a jona na'urar wasa, a buga ƙwallo da 'yan wasa manya kamar mutane. A nan ta fara ganin Saminu, ɗan Magarya mai karatun injin ban-ruwa. A nan ta koyi riƙe manet, ɗan abin da ake dannawa a juya 'yan wasan. Kafin shekara ta ƙare babu namijin da ke son haɗuwa da ita.

"Har shi?" in ji Inna.

"Shi ya fi kowa shan kashi."

Kusurwar bakin Inna ta motsa, ta mayar.

"Da maganar aure ta taso na ce masa ba na son talabijin, bango nake so. Mun daɗe muna zaɓe a waya. Wannan haskensa kaɗan ne, wancan sai da kuran, wato lantarki, mu kuwa kuran ya zo yau ya tafi gobe. Ni na nuna masa mai batir a ciki, wanda hasken rana ke iya cikawa. Abokinsa ya kawo masa daga Kano."

"Kin san bangon nan na mene ne?"

"Na sani."

"Kin sani?"

Bahijja ta dubi kwanukan. Ta dubi hannuwan da ke riƙe da su.

"Na manta, Inna."

Inna ta ɗauko wata babbar langa mai zanen jan fure, bakinta ya ɗan ɓantare.

"Wannan ita ce ta farko. Kina goye a bayana na saye ta. Ubanki ya yi faɗa, ya ce gero ya kamata in saya, shekarar ba ta yi kyau ba. Na ce yarinyar nan ba za ta shiga ɗakin miji a nuna ta da baki ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen zane kamar gumi. "Ni ba na jin haushin karatunki. Amma duk shekarun da kika yi a can, wannan ta girme su."

"Ki yafe mini."

"Abin nan, tsakaninki da Allah, don shi kike so ko don kanki?"

"Don kaina."

Inna ta gyaɗa kai, ta mayar da murfi kan langar.

"Tashi ki duba mini tukunya."

* * *

Ranar Laraba, da ta gama darasin lissafi a kolej ɗin Dungas, sakandaren da take koyarwa, ta shiga taksin Magarya. Ta sami Saminu a rumfar aikinsa, ya kwance wani injin ruwa, hannunsa duk baƙin mai. Ya gan ta ya miƙe.

"Madam."

"Injiniya. An ce ka tare gwaggona da ƙirji."

"Ƙusa za ta buga!"

"Da ka bar ta."

"Bahijja, da hannuna na shafe bangon nan. Magini ya yi, na ga tudu, na kankare na sake. Kin san ƙusa ɗaya inuwar da take yi a tsakiyar hoto?"

"Na sani. Ka san inuwar da ka yi a tsakiyar gidanmu?"

Ya jefar da tsumman hannunsa.

"Abin da kika ce na yi. Ke kika ce bango. Ke kika zaɓi majigin. Ko ba ke kika yi ta aiko mini hotuna ba, wannan bai yi ba, wancan bai yi ba?"

"Na ce bango. Ban ce ka gaya wa mace mai furfura ta nema wa kayan uwata wani wuri ba."

"To me zan ce?"

"Ka ce to. Ka ce to, Gwaggo, sannan ka kira ni. Ka yi shekaru kana ce wa Larabawa to a kan abin da ba ka yarda da shi ba, ka dawo gida ka kasa?"

Ya zauna kan buhun siminti. Muryarsa ta sauka.

"Kawu ya gaya mini saƙon Baba. Idan a kan bango za a mayar mini da kayana, to dama ba a so na. Tun ranar farko gwaggonki take kallona kamar ragon da bai kai layya ba. Ni ba ni da motar riɗi. Ubana bai bar mini komai ba sai wannan filin da na gina."

"Gaskiya ne, ba ta son ka. Ta daɗe tana neman dalili ba ta samu ba, sai kai ka shafa masa farar ƙasa ka miƙa mata."

Ya yi dariya ba don yana so ba. Idanunsa sun yi ja.

"Za ki auri Rabilu?"

"Rabilu ya taɓa tambayata ko lissafin da nake koyarwa zai iya hana awo zubewa. Kar ka ɓata mini lokaci."

"In Baba ya tsaya a kan maganarsa fa?"

Ta san mahaifinta. Idan kayan sa-rana suka fita daga gidan, ba za su sake shiga ba, ita kuma ba za ta tsallake shi ta yi aure ba. Saminu ma ya san haka, shi ya sa bai sake tambaya ba.

"Ranar Juma'a ka biyo Kawu," ta ce. "Ka zo da majigin, batir cike. Ka sa kokawa a ciki, ta gargajiya, mai kyau. Kar ka kawo fim ɗin da mace za ta fito ba ɗankwali."

"Me zai yi?"

"Ba su taɓa gani ba. Gwaggo tana jin majigi, tana tuna na masu tallar magani a bakin kasuwa. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya zai gane."

"In ba su gane ba?"

"Za su gane. Ganar da mutane ne aikina."

Ta gyara mayafi. A bakin rumfa ta waiwayo.

"Ka wanke hannun nan. Kuma in ka zo, ka durƙusa har ƙasa."

* * *

Bayan an sauko daga masallaci suka iso, Kawu Tanko a gaba, Saminu a baya da jaka a rataye. An shimfiɗa musu tabarma a zaure. A gefe ga akwatunan sa-rana an riga an fito da su, an ɗaure da igiya.

Gwaggo Ƙande ta shigo ta zauna ba tare da an kira ta ba. Bahijja ta durƙusa a bakin ƙofar ciki. Bayan asabarin ƙofar tana jin numfashin Inna, wadda ba za ta taɓa haɗa ido da mai neman 'yarta ba.

Kawu Tanko ya ba da haƙuri, ya daɗe yana bayarwa. Malam Ƙasimu ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, Tanko. Ga kayanku nan."

"Baba," in ji Saminu, kansa a ƙasa, "ina roƙon abu ɗaya. Kafin mu tafi a ga abin da ya jawo wannan."

Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Saminu ya tashi ya rufe ƙofar waje, ya toshe ƙasanta da bargo. Zauren ya yi duhu. Tun Sallah aka shafe bangonsa da farar ƙasa, bai kai na Magarya sumul ba amma zai yi. Ya fito da majigin ya ɗora kan kujerar tsugunno. Ɗan abu ne, bai fi kwanon sha ba.

"Wannan?" in ji Gwaggo. "A kan wannan ƙwaryar aka wulaƙanta mu?"

Ya danna.

Bangon ya buɗe. Fili, rairayi, jama'a, kalangu na tashi. 'Yan kokawa biyu, kowanne tsawon mutum sosai, suna zagaya juna, layu na rawa a damatsansu. Kawu Tanko ya ja da baya har ya bugi akwati.

Malam Ƙasimu ya ce, "La'ilaha illallahu."

Ba a jima ba ya matso gaba. Da ƙaramin cikinsu ya kai hannu ƙasa, Malam ya buga cinyarsa.

"Ƙafar! Kama ƙafar, kai!"

Aka ɗaga babban sama, aka maka shi da ƙasa. Rairayi ya tashi har rufin zaure. Malam ya yi kabbara, sannan ya tuna inda yake, ya gyara zama ya yi tari.

Bahijja ta saki numfashi. Ta san haka za a yi.

"Kashe," in ji Gwaggo Ƙande.

Saminu ya kashe. Ta miƙe da kanta ta buɗe ƙofa, rana ta shigo. Ta nuna bangon.

"Me kuke gani?"

Duk suka juya.

"Na gani, yana da kyau, ban yi musu ba. Amma an kashe, ina yake? Matan Magarya da rana za su zo, ƙofa a buɗe. Kwano ba a kashe shi. Yana nan da safe, yana nan da yamma, yana cewa yarinyar nan tana da uwa. Wannan me yake cewa? Yana cewa mijinta yana da abin wasa."

Malam Ƙasimu ya dubi bangon. Fari ne, babu komai. Fuskarsa ta koma yadda take.

"Ƙande ta yi gaskiya," ya ce.

Bahijja ta shirya amsar kowace tambaya, ba ta shirya wannan ba. Kawu Tanko ya fara laluben igiyar akwati.

"Baba." Muryarta ta fito daidai, ta yi mamaki. "Ba abin wasansa ba ne. Nawa ne. Ni na ce ya saya, ni na zaɓa, ni na ce ya bar mini bango. In akwai wanda ya raina Inna, ga ni."

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya.

"Ke? Ke da aka hana ciki abinci aka tara miki kwano? To wallahi gara da shi ne. Bare in ya raina mu, bare ne. Amma 'yar cikin…"

"Gwaggo." Saminu ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Ita bango ta ce, ba ta ce in yi miki rashin kunya ba. Wannan nawa ne. Ki yafe mini. Bangon naku ne. Ku buga ƙusa daga sama har ƙasa, ni zan riƙe muku guduma. Majigin in mayar da shi Kano."

Bahijja ta dube shi. Ta san yadda ya kankare bangon nan. Bai ɗago ba.

Sai asabari ya motsa.

"Ƙande."

Muryar Inna ce, ƙasa-ƙasa. Ba ta fito ba.

"Tambaye shi, abin nan na sayarwa ne?"

Gwaggo ta buɗe baki. "Furera, me…"

"Ke kika ce nasa gini, cikawa tamu. To ai laifin ke nan, shi ya saya. In ni na saya, kayan ɗaki ne. Ya tafi cikin kayanta, 'yan'uwanta su ɗauke shi a ka. Bangon mu muka cika shi." Ta ɗan tsaya. "Kin kai amare da yawa Magarya. Wace ce a cikinsu ta tafi da silima a cikin kayanta?"

Bahijja ta ga abin yana shiga gwaggonta sannu a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ƙande ta dubi majigin, wannan karon da wani ido. Idon kasuwa.

"Inna," in ji Saminu da sauri, yana fuskantar asabari, "ai na ba ku. Kyauta."

"Ce masa ba na so," in ji Inna. "In kyauta ce, gobe a ce ango ne ya yi wa amaryarsa jere."

Gwaggo ta koma ta zauna. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta miƙa hannu.

"Miƙo in gani."

Ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa da farce, ta shinshina.

"Ba nauyi. Ba murfi. Ido ɗaya. Kuma an riga an yi amfani da shi."

"Yau ne kawai, Gwaggo…"

"A gabana aka kunna, ko ƙarya na yi? Tsoho ne. Furera, me za ki bayar?"

"Jar akuyata."

"Ka ji. Akuya."

"Na sall…"

Kawu Tanko ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Ka ce albarka, ɗan nan! In ba ka ƙi tayin farko ba ai kyautar ce dai."

Saminu ya dubi dillaliyar da ta fi kowa a Dogo-Dogo.

"Albarka," ya ce, da muryar wanda ke neman gafara.

"Albarka?" Gwaggo ta tafa hannu. "Ku ji mini yaro! Akuya mai haihuwar tagwaye, a kan ƙwarya mai ido ɗaya! Dama na ce ba shi da kunya."

Amma fuskarta ta saki. Tun dawowarta daga Magarya Bahijja ba ta ga haƙoranta ba sai yanzu.

"Farar tunkiyar," in ji Inna.

Bahijja ta juya ga asabari. Tunkiyar nan ita Inna take kiwo a tsakar gida, da hannu take ba ta dusa, kuma ciki gare ta.

"Inna, kar ki…"

"Ba da ke ake ciniki ba."

"Tunkiya," in ji Gwaggo. "Amma ka ji da kyau, a gaban shaidu. Tunkiya taka, abin da ke cikinta namu. In ta haihu ka yaye ka kawo."

"Na yarda."

"Ban gama ba. Gyara fa? Wa ke sayen kaya babu gyara? Me ya rage a jakar nan?"

Saminu ya zuge jakar a hankali. Ya fito da manet guda biyu, sababbi, ko ledarsu ba a cire ba. Ya riƙe su ɗan lokaci.

"Waɗannan na wasan ne, Gwaggo. Ɗaya nata, ɗaya nawa."

"Yanzu duka nata ne. In ta ga dama ta ara maka. Sallama?"

Ya dubi Bahijja. Ta ɗaga masa gira.

"Na sallama."

"Allah ya sa albarka," in ji Kawu Tanko da ƙarfi, kafin wani ya sake magana.

Duk suka juya ga Malam Ƙasimu. Ya daɗe yana duban asabarin da matarsa take bayansa.

"Kwanukan fa?" ya tambaya.

"Su hau saman gado da gefen taga," in ji Inna. "Waɗanda suka rage, ƙannenta na tafe."

Ya gyaɗa kai.

"Tanko, kwance igiyar nan. Ranar tana nan inda aka sa ta." Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ƙande, maganar Rabilu ke kika ɗauko ta."

"Ni zan mayar. La'adata kuma goro ne, fari, daga hannun ango." Ta nuna Saminu da yatsa. "Ranar jere kuwa ni zan tsaya a gaban bangon nan. Duk matar da ta ce babu komai, in rufe ƙofa in danna mata. Sai ka nuna mini inda ake dannawa."

Asabari ya ɗaga kaɗan. Hannun Inna ya turo babbar langar nan mai jan fure, da tsumma mai tsabta a shimfiɗe a ciki. Gwaggo ta sa majigin, ta jera manet a gefe, ta ɗauki murfi.

"Gwaggo, a kula da gilashin, kar ya…"

"Kayan amarya ne. Ina ruwanka?"

Ta rufe. Murfin ya zauna daidai.

Bahijja ta ɗauki langar da hannu biyu ta shiga ciki. A tsakar gida farar tunkiyar tana tsaye a turkenta tana tuƙa. Inna ta riga ta durƙusa kusa da ita tana kwance igiya, ta ba ta baya.

"Inna."

"Kai ta ƙarƙashin gado, cikin 'yan'uwanta."

Bahijja ba ta motsa ba. Inna ta shafa wuyan tunkiyar, ta miƙe, har yanzu ba ta juyo ba.

"Idan an kai ki," ta ce, "kar ki riƙa cinye shi kullum. Miji ne."

Bahijja ta gyara riƙon langar.

"Ranar Juma'a zan riƙa bar masa, Inna."